Wa Ke Kiwon Yara A Dogon Hutu?

Kowace shekara, in damina ta yi tsakiya, watau a ƙarshen watan Yuli ko farkon Agusta, makarantun firamare na Arewacin Nijeriya sukan rufe domin dogon hutu. A miƙa wa kowane yaro takardar sakamakon jarrabawarsa, hedimasta ya yi musu gargaɗi, a kulle azuzuwa, kowa ya kama gabansa. Yaro ya iso gida da murna, ya jefa jakar littattafansa bayan ƙofa ko ƙarƙashin gado, ba kuwa za a sake waiwayar ta ba sai daren da za a koma, bayan mako shida ko fiye. A wasu gidajen ma kafin ranar nan ta zo gara ta ci rabin littafin, sauran rabin kuwa an yage an ƙunsa ƙosai.

Ran da aka koma cikin Satumba, malami ya ɗauki alli ya rubuta irin lissafin da yaran nan suka ci a jarrabawar da ta wuce, sai ya ga aji ya yi tsit, kowa na kallon allo kamar bai taɓa ganinsa ba. Wanda ya tafi hutu yana karanta layi guda ba gargada, ya dawo yana haɗa baƙi da wasali da ƙyar. Tilas malami ya kashe makonnin farko yana maimaita aikin bara, na bana kuwa yana jira. Sa'an nan in shekara ta ƙare yaro bai iya karatu ba, uba ya tashi a majalisa ya ce malaman zamani ba su san aikinsu ba.

Malamai suna da nasu laifin, hukuma ma tana da nata, kuma ana faɗar waɗannan kullum. Amma akwai laifi guda da ba a cika ambata ba, domin masu yin sa su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi ɗaga murya wajen zargi. Laifin nan shi ne sakacin manya a kan yara cikin makonnin hutu. Makaranta in ta rufe, kiwon hankalin yaro ya komo hannun gida da unguwa. Ga dukkan alama kuwa gida da unguwa ba su san an miƙo musu kiwon ba.

Yadda Karatu Ke Zubewa

Ba yau aka gane cewa karatun da ba a bita gudu yake yi ba. Malaman makarantar allo sun san haka tun kafin Bature ya shigo ƙasar Hausa. Hutun da suka saba bayarwa na mako-mako ne, Alhamis da Juma'a, kuma ko gardi ya haddace Alkur'ani ba ya barin tilawa, don ya tabbata ran da ya bar ta hadda za ta fara zubewa. Abin mamaki shi ne, uban da ba zai yarda ɗansa ya yi mako biyu bai taɓa allonsa ba, shi ne zai bar shi ya yi kwana arba'in bai buɗe littafin boko ba, sai ka ce ƙwaƙwalwar da ke riƙe wannan daban take da mai riƙe wancan.

Masana na wasu ƙasashe sun auna abin nan da ma'auni. A 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana duba abin da ya rage masa bayan sa'a guda, da bayan kwana, da bayan wata. Ya sami cewa mantuwa ta fi sauri a farko-farko, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama guda amfani. A 1996 kuma wani masani a Amurka, Harris Cooper, da abokan aikinsa suka tattara bincike 39 da aka yi a kan dogon hutun makarantun can. Suka ga cewa, in aka kwatanta, yaro yakan dawo ya yi hasarar abin da ya kai karatun wata guda, kuma hasarar ta fi tsanani a lissafi da rubuta kalmomi daidai. Suka ga wani abu kuma da ya fi wannan ciwo: 'ya'yan masu hali sukan riƙe karatunsu, har su ɗan ƙaru, 'ya'yan talakawa kuwa su koma baya. Watau hutu guda ne, amma wani ciyar da shi yake yi, wani kuwa cinye shi yake yi.

Wani zai ce ai hutun Amurka ya fi na nan tsawo, yakan kai wata biyu da rabi. Gaskiya ne. Amma a duba irin karatun da yaron nan yake tafiya hutu da shi. A rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022 an ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara yara 89 cikin 100 sukan kai shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba. Shukar da saiwarta ba ta kama ƙasa ba, farin kwana kaɗan ya ishe ta. Yaron aji biyu ko uku da ya fara gane haruffa jiya-jiya, shi ne mako shida na zaman banza zai mayar da shi inda ya fito. Kowane malami da ya karɓi yara bayan rufe makarantu na 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka kulle su tun daga watan Maris har wajen Oktoba, ya ga wannan da idonsa.

Masu Sakin Akala

Masu laifi a wannan al'amari kashi biyu ne. Kashi na farko su ne masu sakin akala. Gari na wayewa uba ya fita nema, uwa ta shiga hidimar gida, yaro ya sha koko ya fice, ba wanda ya tambaye shi ina za shi. Sai yunwa ta koro shi, ya ci, ya sake ficewa. In aka yi magana sai a ce, "Ai hutu suke yi, a bar su su huta."

To, ina suke hutawar? Damina ce, kududdufai sun cika. Can za a same su suna iyo cikin ruwan da ya kwanta, inda katantanwa ke ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke huda fata ta shiga jiki, bayan 'yan makonni yaro ya fara fitsarin jini. Wannan ma in an yi sa'a ke nan, domin kusan ba daminar da ke wucewa ba a ji kududdufi ya ci yaro ba. Waɗanda ba su je ruwa ba suna bakin tasha, ko suna leƙen gidan kallo, ko suna bin manyan yaran da suka riga suka fi ƙarfin iyayensu. A gidajen masu ɗan hali kuwa an sami sabuwar hanyar sakin akala ba tare da yaro ya fita ƙofa ba: a miƙa masa waya don ya yi shiru, ya wuni yana shafa gilashi da yatsa, uwa tana murna ɗanta ba ya yawo, alhali ya yi nisan da ƙafa ba za ta kai shi ba.

Cikin kashin nan har da masu mai da hutu lokacin riba. Yarinya 'yar shekara tara a ɗora mata faranti tun hantsi, ta bi kasuwa da tasha da wuraren gini, ba za ta dawo ba sai magariba, kuma in ciniki bai cika ba ta sha faɗa. Ba mai hankalin da zai ce kada yaro ya taimaki iyayensa. Aiki tarbiyya ne, kuma ɗan da bai san wahalar da ake sha kafin tuwo ya sauka ba, ba zai san darajarsa ba. Amma akwai ma'auni mai sauƙi da za a gane aikin tarbiyya daga aikin ci da gumin yaro: shin akwai babba kusa da shi yana nuna masa, kuma in ya dawo da yamma ya ƙaru da wani sani ban da gajiya? In amsa ta zama a'a, to, an karɓi kuɗin yau ne an biya da goben yaron.

Masu Sayen Kwanciyar Rai

Kashi na biyu sun fi wuyar kamawa, domin a ido su ne masu kula. Su ne waɗanda, tun ba a rufe makaranta ba, sun biya kuɗin karatun hutu da ake kira lesin. Ranar Juma'a aka ba da hutu, ranar Litinin yaro ya sake saɓa jaka ya koma ajin da ya baro, ko wani shago da aka jera wa bencina.

A leƙa a ga abin da ake yi a yawancin wuraren nan. Malami ya cika allo da darasin zango mai zuwa, cikin Turancin da yaro bai ji ba, ya ce a kwafa. Yara hamsin ko sittin su duƙufa suna zana haruffa kamar masu zanen ƙwarya, wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba duk abu guda suke yi. In aka gama a bi bakin malami da ihu sau uku, a tashi. An ce wai ana share fage ne don yaro ya riga 'yan ajinsu. Ina amfanin riga wani shiga ɗaki na biyu ga wanda bai sami mabuɗin ɗakin farko ba? Yaron da ya kasa raba 12 gida 3 cikin wata tara na makaranta, ba zai iya ba don an ƙara masa mako shida na irin koyarwar da ta kayar da shi. Ba cinya ba, ƙafar baya. Abin da ya ƙaru kawai shi ne yaro ya koma makaranta a gajiye, ya ƙara tsanar littafi, ya kuma tabbata a ransa cewa shi daƙiƙi ne.

Ba a ce duk mai koyarwa a hutu macuci ne ba. Akwai malamai na kirki da ke zaunar da yara kaɗan su gyara musu inda suka karkace, kuma malamin da albashinsa bai kai shi ƙarshen wata ba, ba a ga laifinsa don ya nemi na cefane. Zargi yana kan uban da ya ɗauki rasiɗin lesin tamkar takardar sauke nauyi. Ya biya kuɗi, ransa ya kwanta, amma bai taɓa cewa, "Zo nan, karanta mini abin da ka rubuta yau," ba. Da ya yi haka sau ɗaya tak, da ya gane abin da ya saya. Bugu da ƙari, lesin na mai kuɗi ne. In shi kaɗai ne maganin mantuwar hutu, ɗan talaka ba shi da magani ke nan.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Magani yana nan cikin gida da unguwa, kuma mafi yawansa ba ya cin ko kwabo.

Na farko shi ne karatu a bayyane, rabin sa'a kowace rana, a lokaci tsayayye, ko bayan karin kumallo ko bayan la'asar. Mako shida kwana 42 ne, rabin sa'a sau 42 kuwa sa'a 21 ke nan, ba kuwa kowane yaro ke samun sa'a 21 yana karatu da bakinsa wani na saurare cikin zango guda na makaranta ba. A 1978 wata masaniya mai suna Barbara Heyns ta buga binciken da ta yi a kan yara wajen 3,000 a birnin Atlanta na Amurka, ta sami cewa cikin abubuwan da yara ke yi a hutu, karanta littattafai shi ne ya fi tafiya tare da ƙaruwar karatunsu. Littafin kuwa ya zama cikin harshen da yaro ke ji, mai labari, wanda zai sa ya ƙosa ya ga abin da ke shafi na gaba. Hausa ba ta rasa irin waɗannan ba. Tun gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa. Bayansu ga Magana Jari Ce littafi uku, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ga jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya domin ƙanana. Littattafan da suka koya wa kakanni son karatu ba za su gaza a kan jikoki ba. Gidan da ke sayen katin waya kowane mako ba zai ce littafi guda a shekara ya fi ƙarfinsa ba.

Na biyu shi ne lissafi, wanda shi ne ya fi saurin zubewa, shi ne kuma ya fi sauƙin riƙewa, domin rayuwa cike take da shi. A aiki yaro cefane, amma kafin ya fita ya faɗi nawa kuɗin kayan za su kama, nawa zai dawo da shi canji. A auna hatsi a gabansa, ya ƙirga mudu nawa ke cikin buhu, ya lissafa kwana nawa buhun zai kai gidan in ana cin mudu biyu a rana. In an je gona ya ƙirga kunyoyi, ya auna tsawon gonar da faɗinta da taki, ya rubuta. A ba shi gwangwani mai miƙaƙƙen baki ya ajiye a fili, kowace safiya ya auna ruwan da ya taru da rula ko tsinke mai alama, ya rubuta kwanan wata da adadin, a ƙarshen Agusta ya tara ya faɗi makon da ya fi ruwa. Ya shuka wake a gefen gida, ya riƙa auna tsawonsa kowace Juma'a. Yaron da ya yi haka ya yi tarawa da ɗebewa da sau da rabawa, ya kuma taɓa kimiyya, bai ma san darasi yake yi ba.

Na uku shi ne sana'ar hannu. Sa'ad da Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, ya haɗa da sashen sana'o'i inda ake koyon aikin fata da ƙira da aikin katako da makamantansu. Yau an wayi gari ɗan maƙeri yana aji shida bai san sunan kayan aikin ubansa ba, don an sa masa a rai cewa ɗan boko ba ya taɓa zugazugi. Hutu shi ne lokacin gyara wannan kuskure. A kai yaro wurin tela ko kafinta ko baduku ko mai gyaran keke ko mai gyaran waya na unguwa, wanda iyaye suka san halinsa, ya yi sa'a biyu ko uku a rana. Yarinya ta zauna wurin mai ɗinkin hula ko saƙa ko keken ɗinki. Ƙanana kuwa a bar su da karansu da yumɓunsu da gwangwanayensu. Yaron da ya ƙera mota da kara, ya yi mata ƙafafu huɗu masu juyawa, ya auna, ya gwada, ya gyara, ya yi tunanin da bai yi ba duk zangon da ya wuce. Kada a kore shi da cewa yana tara shara.

Na huɗu shi ne wasa da hira. Dara, mai gurbi 30 da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, tana koya wa yaro hangen abin da abokin karawa zai yi kafin ya yi. Kacici-kacici yana wasa ƙwaƙwalwa, carafke tana koyar da ƙirga da saurin hannu, langa tana gina jiki. Tatsuniya kuwa ita ce makarantar farko ta harshe, a nan yaro ke koyon jera magana, farko da tsakiya da ƙarshe. A ƙara mata abu guda: in kaka ta ba da tatsuniya da dare, da safe jika ya rubuta ta cikin littafinsa, ya karanta mata ta gyara masa inda ya tsallake. A sa shi ya tambayi tsofaffin gida sunayen kakanninsa da garin da suka fito da sana'arsu, ya rubuta. Kafin hutu ya ƙare ya mallaki littafin da ba kantin da ke sayar da irinsa.

Na biyar shi ne fita a gani, domin gani ya kori ji. Yara nawa ne a Kano suka haddace sunan Dala don jarrabawa ba su taɓa hawanta ba, ba su shiga Gidan Makama ba, ba su ga yadda ake rini a marinar Ƙofar Mata ba? Haka ɗan Katsina da hasumiyar Gobarau, da ɗan Daura da rijiyar Kusugu, da ɗan Zariya da dutsen Kufena, da ɗan Argungu da gidan tarihin Kanta. Wanda ke ƙauye ma ba a bar shi a baya ba, akwai tsohuwar ganuwa, akwai maƙera, akwai injin niƙa, akwai asibitin dabbobi. Fita guda tare da babba mai amsa tambaya ta fi mako guda na kwafar allo.

Uzurorin Da Ake Kawowa

Uzuri na farko shi ne, "Ni ban yi boko ba, me zan koya masa?" Ba a ce uwa ta koyar ba, an ce ta saurara. Uwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba tana iya cewa, "Zauna nan kusa da ni ka karanta mini ina tsince shinkafa," kuma kunnenta zai gaya mata ko yana tafiya sumul ko yana tuntuɓe. Tana iya tambayarsa, "To, daga nan sai me ya faru? Don me ya yi haka?" Wannan ita ce jarrabawar fahimta, ba ta kuwa bukatar takardar shaida. Koyarwa cikin gida ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai ilmi ga mata har cikin ƙauyuka, ba aji ba benci.

Uzuri na biyu shi ne talauci, kuma shi ne mai nauyi. Gidan da sai yaro ya je gona ko ya taya ciniki za a ci, ba za a ce masa ya daina ba. Amma rabin sa'a ba ta hana noma, kuma an riga an nuna yadda gonar kanta da cinikin kansa za su zama darasi. Talaka ma shi ya fi kowa bukatar wannan, domin ɗan mai kuɗi in ya faɗi akwai katifa a ƙarƙashinsa.

Uzuri na uku shi ne wai yaro yana bukatar hutu. Lalle yana bukata. Ya huta da sammako, da zaman benci, da tsoron bulala, da fargabar jarrabawa. Ya yi barci ya ƙoshi, ya yi wasa har ya gaji. Amma hankalin yaro ba ya tsayawa don an kulle aji. Kamar gona yake da damina, in ba a shuka hatsi ba ciyawa ba ta jiran izni.

Hakkin Makaranta Da Hukuma

Iyaye ba su kaɗai ke da nauyi ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare ga kowa a 1976, da wanda ya gaje shi a 1999, hankalin hukuma ya fi karkata ga ƙirga yaran da suka shiga aji. Ya kamata a fara ƙirga waɗanda suka fito da karatu, a kuma lura da makonnin da karatun ke zubewa.

Akwai darasi daga Indiya. A 2008, a jihar Bihar, gwamnati da wata ƙungiya mai suna Pratham suka buɗe zaman karatu na wata guda cikin hutu domin yaran da aka bari a baya. Malaman gwamnati ne suka koyar, amma aka ajiye manhaja gefe, aka kama kowane yaro daga inda karatunsa ya tsaya. Masana, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, suka auna suka ga yaran sun ci gaba. Da aka nemi malamai su bi hanyar nan cikin zangon karatu na kullum kuwa, sai abin ya ƙi, domin sun koma tseren gama manhaja. Ashe falalar hutu ita ce ba manhajar da ke korar kowa. Ita ce kuwa falalar da masu lesin ke zubarwa sa'ad da suka jawo darasin zango mai zuwa suka cusa cikin hutu. An riga an gwada wannan hanya ta koyar da yaro daidai matakinsa a wasu makarantun Borno da Kano, saboda haka ba a ce baƙuwa ce ba.

Abin da ake nema ga hukuma ba mai yawa ba ne. Kowace makaranta ta sami akwatin littattafan labarai, a ba kowane yaro aron guda ran da za a tafi hutu, ya dawo ya ba da labarinsa a gaban aji. Malami ya ba da aikin hutu irin wanda ake yi da ido da hannu, kamar awon ruwan sama da rubuta tarihin gida, maimakon shafi ashirin na kwafa. A buɗe aji guda safiya biyu ko uku a mako domin waɗanda ba su iya karatu ba tukuna, a raba su bisa matakinsu, kyauta. Masu koyarwa kuwa suna nan zaune a kowace unguwa: 'yan sakandare da ɗaliban kwalejojin horon malamai da suka zo hutu, da malaman da suka yi ritaya. Mai unguwa ko dagaci in ya kira su ya ba su zaure, liman ya yi sanarwa, an gama rabin aiki. Gidajen rediyo su ware rabin sa'a da hantsi domin labari da kacici-kacici da lissafin baka na yara.

Amma kada wani uba ya zauna jiran hukuma, domin ɗansa ba zai daina girma ba kafin a gama taro a kan maganar. Yaro sau ɗaya yake yin aji uku, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba a kuma fafe gora ranar tafiya: tun kafin a ba da hutu ya kamata mai gida da uwar gida su zauna su yanke wane littafi za a karanta, wurin wa za a kai yaro koyon sana'a, ina za a kai shi ya gani, da wane lokaci ne na karatu. Ran da aka rufe makaranta, a ɗauko jakar nan daga bayan ƙofa, a rataye ta inda kowa zai gan ta, washegari da safe a kira mai ita ya zauna ya buɗe shafin farko.